Ku daina ba maigadi na goro ya buɗe muku kwamin iyo da dare

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen gaggawa, kuma yawancin aikina na dare ne. Da zarar zafi ya kankama, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, na san abin da ke tafe. Mota za ta ci birki a bakin ƙofa wajen ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, samari su fito jiƙe sharkaf, daga su sai gajeren wando, sun kinkimo ɗan uwansu suna ta salati. Na daina tambayar daga ina suke. Daga otal ne.

Tambaya ɗaya nake yi musu: wa ke tsaron ruwan? Amsar kuma ba ta sauyawa. "Sista, ai ya tashi tun magariba. Baba maigadi muka ba na goro ya buɗe mana."

Wannan na goron shi ne ya sa na zauna rubutu bayan na tashi daga aiki, maimakon in kwanta. Ƙannena, allon da aka kafa a bakin kwamin iyo, aka rubuta lokacin rufewa, ba ado ba ne. Lokacin da mai ceto ke tashi ke nan. In ya tafi, ruwan nan ba shi da ido a kansa. Kun ɗauka wayo kuka yi da kuka sa aka zare kwaɗo da naira dubu ɗaya. Abin da kuka saya shi ne ruwa mai zurfi, cikin duhu, babu mai fitar da ku.

Kullum sai abokan sun rantse mini cewa ba su ji komai ba. Na yarda da su. Wanda ruwa ke ci ba ya ihu, ba ya ɗaga hannu kamar yadda kuke gani a fim. Yana tsaye ne cikin ruwan, baki na nutsewa yana fitowa, ɗan numfashin da ya samu bai isa magana ba. Daƙiƙa 20 zuwa 60 yake yi a haka ya tafi ƙasa. Minti 4 zuwa 6 babu iska, ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. Da rana ma sai wanda aka horar yake gane wannan. Ina ga dare, kiɗa na tashi, kowa na riƙe da waya yana ɗaukar hoto? Wani yaro da aka kawo mana, abokansa takalminsa da wayarsa suka gani a kan kujera, suka ce ya koma ɗaki. Yana kwance a ƙasan ruwan, taku biyar daga inda suke hira.

Ga kuma abin da duk muka sani a ƙasar nan: ana ɗauke wuta. Tsakanin ɗaukewar wuta da tashin janareto akwai ɗan lokaci, wani sa'in minti ɗaya, wani sa'in sai an je an taso mai kunnawa daga barci. A wannan tsakanin wanda ke tsakiyar ruwa bai san ina ne gefe ba, bai san ina ne zurfi ba, kuma babu mai ganinsa. Ku lissafa da mintocin da na faɗa a sama.

Sai masu cewa sun iya ruwa. "Ni a bakin Tiga na tashi." "Ni kogin Haɗejiya nake tsallakewa." To madalla. Amma gwanin iyo ma jijiya na ɗaure masa, yana zamewa a kan tayil ya bugu a kai, kuma kwamin otal ƙasansa siminti ne, ba yashi ba. Wanda ya yi tsalle da ka a ɓangaren da ruwan bai wuce ƙugu ba, saboda duhu bai bar shi ya karanta alamar zurfi ba, wuyansa ne zai karye. Na yi jinyar irinsu. Saurayi da ƙarfinsa, ana juya shi a gado, mahaifiyarsa na ba shi kunu da cokali. Ko ruwan Wikki da ke Yankari, wanda ɗuminsa ke tsaye a digiri 31 dare da rana, garai har kana ganin ƙasansa, ba zan yarda ɗana ya shiga shi kaɗai da dare ba, balle kwamin da aka kashe wa fitila aka kulle.

Maganar shaye-shaye ba zan tsawaita ba, kun san kanku. Wanda ya sha giya ko tiramadol ko kodin, ko ya haɗiyi ƙwayar barci, ba shi da abin yi a bakin ruwa. Mai farfaɗiya kuma kada ya shiga sai da wanda ya san ciwonsa tsaye a kansa, ko da rana tsaka ne.

Yanzu bari in juyo kanku, 'yan uwana mata, don naku ya fi taɓa mini zuciya. Na san dalilin da ya sa kuke jiran dare. Da rana maza sun cika wurin, ke kuma ba za ki iya shiga a gabansu ba. Kunya ce da tarbiyya, ba na ganin laifinki a kan wannan ko kaɗan. Amarya ta zo hutu da angonta, tana ta leƙen ruwan daga taga tun safe, sai sha biyun dare ta ce yanzu babu kowa. Babu kowan nan shi ne matsalar. Ga shi yawancinmu ba a koya mana iyo ba, ga doguwar riga da hijabi da ake shiga da su, in suka sha ruwa suna naɗe ƙafa, mayafi na rufe fuska. Angon da ke gefe shi ma sau da yawa bai iya ba, in ya faɗa don ya cece ki, mutum biyu za a kawo mana. Hajiya, ki je wurin masu karɓar baƙi ido na ganin ido, ki tambaya ko akwai lokacin mata, da rana, da mai ceto a kusa. In babu, ki ce a sama muku. Kuɗinki kika biya. In sun ƙi, ki haƙura da ruwan, ki yi wankanki a ɗaki. Kada ki bari maigida ya sauka ya ba maigadi na goro dominki.

Iyaye, ku ma ban manta da ku ba. Ana bikin aure a zauren otal, an cashe, uwa na can tana liƙi, ɗan shekara uku ya bi hasken ruwa ya fita ta ƙofar baya. In wasu samari sun sa an buɗe ƙofar kwamin sun bar ta a haka, shi ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a 2024, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a shekarar 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli saboda wannan bala'i. Ki damƙa yaronki ga babban mutum guda, ki kira sunansa ki ce shi ke da alhaki. "Yana tare da yayyensa" ba tsaro ba ne. Kuma balan-balan ɗin da ake hura wa yara a hannu abin wasa ne, ba ya hana nutsewa.

Za a ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara kamar kowa. Amma ƙofa a kulle kuka same ta, ku kuka biya aka buɗe. Kada ku zo ku tsaya gaban uwar yaro kuna jingina wa Allah abin da kuka yi da hannunku.

In kuma abin ya riga ya faru a gabanku, Allah Ya kiyaye, ga abin yi a gurguje:

- Ku yi ihu a taru, wani ya kira lambar gaggawa ta 112, wani ya tayar da mota.
- In ba ka iya ceto ba kada ka faɗa. Miƙa masa sanda ko tawul, ko ka jefa masa abin da ke yawo a saman ruwa.
- A kwantar da shi rigingine a kan daɓe. In ba ya numfashi, a hura masa iska a baki sau 5, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa ba tsayawa, har cikin mota.
- Kada a danna masa ciki, kada a kife shi kai ƙasa wai ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma amai na iya shiga huhu.
- In tsalle ya yi da ka, a riƙe kai da wuya a miƙe, kada a kinkime shi kamar buhu.
- Ko ya farfaɗo yana magana, a kawo shi asibiti. Tari da sarƙewar numfashi na iya tasowa bayan sa'o'i.

Masu otal, ku kewaye kwamin da shinge ta kowane ɓangare, tsayinsa kada ya gaza mita 1.2, da ƙofa mai rufe kanta. Ku rubuta zurfin ruwa da manyan lambobi, ku rataye sanda da robar ceto inda ido zai gani, ku sa mai gyaran wuta ya riƙa duba fitilun cikin ruwa. In kuna son baƙi su yi iyo har dare, ku ɗauki mai ceto na dare ku biya shi. In ba za ku iya ba, makullin ya kwana a ofishin manaja.

Kai kuma Baba maigadi, na san albashin bai taka kara ya karya ba, na san yaran nan da naci da daɗin baki. Amma ranar da aka fito da gawa, su motarsu za su shiga, kai 'yan sanda za su fara ɗauka. In sun zo maka daren yau da kuɗi a dunƙule, ka ce musu makulli ba ya hannunka, su dawo da safe in mai ceto ya iso.