Wai za a rushe duk shagon da ba shi da hanyar keken guragu? Ga abin da dokar ta ce

Sati biyu kenan ina jin wannan maganar, na fara jinta wajen mai shayi a Agege bayan sallar isha, na sake jinta a Mile 12 har da ƙari, wai gwamnati ta kawo sabuwar doka duk shago ko masallacin da ba shi da hanyar guragu za a rushe shi ko a ci mai shi tarar miliyan ɗaya. Wani dattijo ma ya rantse min ya ji za a fara ta unguwannin Hausawa. Ban ga laifin mai jin tsoro ba, wanda ya ga rusau ɗin da aka yi a kasuwar Alaba Rago ko tsumma ya gani zai ce maciji ne. Amma jama'a dan Allah mu tsaya mu raba zare da abawa.

Da farko dokar nan ba sabuwa ba ce. Marigayi shugaba Muhammadu Buhari ne ya sa mata hannu a Janairun 2019, dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, kuma ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Nan Legas ma sun riga tarayya, tun 2011 zamanin Fashola suke da tasu dokar, ita ta kafa ofishin LASODA mai kula da lamuran naƙasassu. Ita dokar tarayyar ta shafi guragu, makafi, kurame, masu larurar ƙwaƙwalwa da sauransu.

Me take so? Ginin da jama'a ke shiga ya zama mai keke ko mai sanda zai shiga da kansa ba sai an ɗauke shi cak ba. A yi gangara kusa da matakala, a sa lif inda bene ya buƙaci haka, gefen titi da wurin tsallakawa su zama kowa zai bi. Ginin jama'a kuma ba na gwamnati kaɗai ba ne, har wanda aka buɗe don mutane su riƙa amfani da shi, kenan banki, asibiti, makaranta, filaza, kuma a fahimtata har masallaci da coci. Gidanka da kake kwana da iyalinka ba ya ciki.

To sai maganar miliyan ɗayan nan da ta hana mutane barci. Miliyan ɗaya tana cikin dokar, gaskiya ne, amma a duba kan wa ta hau. Dokar ta ce kafin a ɗora sabon ginin jama'a sai hukuma ta duba zanen ginin, in bai cika ƙa'ida ba kada a sa hannu. Jami'in da ya rufe ido ya sa hannu, ko ya ba da umarni a sa, shi za a ci tarar aƙalla naira miliyan 1 ko ɗaurin shekara 2 ko duka biyun. Ma'aikacin ofis kenan, ba Alhajin da ke sayar da albasa a rumfa ba. Ɗaya miliyan ɗin kuma ta kamfani ce da aka kama da laifin nuna wa naƙasasshe wariya, in mutum ɗaya ne ya yi tararsa naira 100,000 ko wata 6 a gidan yari ko a haɗa masa.

Wurin da ya fi rikita mutane shi ne na tsohon gini, kuma nan ya kamata masu shaguna da kwamitin masallatai su buɗe kunne. In mai buƙata ta musamman ya zo wurin da yake da haƙƙin shiga ya tarar ba hanya, zai sanar da waɗanda ke da alhakin wurin. Daga nan ya zama wajibi a kawar da abin da ya tare shi. In an ji aka yi biris, to lissafi ya fara, kamfani naira 10,000 kowace rana, mutum ɗaya naira 5,000 kowace rana ko ɗaurin wata 6 ko duka biyun. Kuma kuɗin nan diyya ce, hannun wanda aka tare wa hanya take shiga. Saboda haka duk wanda ya zo maka da riga mai tambari da katin wuya ya ce ka ba shi tarar hanyar guragu nan take ko ya sa kwaɗo, ka tambaye shi wace kotu ce ta yanke, don kotu ce ke yanke waɗannan hukunce-hukuncen. Mun san garin nan, in aka samu jita-jita irin wannan akwai masu cin abinci da ita.

Rushewa kuwa, dokar gyara ta ce a yi. Lokacin da wa'adi ya kusa cika hukumar naƙasassu ta ƙasa ta yi barazanar garƙame gine-ginen da suka ƙi gyarawa, ina jin daga nan maganar ta taso ta yi ta girma a baki. Rusau ɗin da LASBCA, hukumar kula da gine-gine ta Legas, ke yi dalilinsa daban, gini ba izini, gini kan hanyar ruwa, ginin da ya tsage zai faɗo kan mutane.

Ni abin da ke cina a rai daban ne. Ƙanin mahaifina shan inna ya kama shi tun yana yaro, a keke yake, kuma wallahi da guminsa yake ci, gyaran waya yake yi. Na taɓa raka shi wani banki, matakala huɗu a bakin ƙofa sannan ga wannan ƙofar mai kama da akwati da ko mai ƙiba da ƙyar yake shiga. Aka bar shi a rana, ma'aikaci ya fito da takarda ya sa hannu a kan cinyarsa mutane na wucewa suna kallo, har wata ta miƙa masa naira ɗari ta zaci bara yake. Kawu bai ce uffan ba har muka dawo gida, sai da daddare ya ce min, ɗana, gobe kai kaɗai za ka je. Idan na tuna wannan sai in ga naira dubu goma a rana ga banki ai ba komai ba ce, tun ba yanzu da kuɗi ya lalace ba. Kuma kafin a zo kan mai ƙaramin shago, a fara da ofisoshin gwamnati da gadojin sama, da yawansu matakala ce zalla, mai keke sai dai ya yi shahada ya tsallaka babban titi ta ƙasa.

Mu ma da namu. Na san dalilin da ya sa ake ɗaga daɓen shago da na masallaci a Legas, ruwa ne, ba mugunta ba. Amma masallacin da aka iya sa masa tayil da fanka goma ba zai gagara buhun siminti kaɗan a gefe guda ba, ga kuma katako ɗaya tilo da muke ɗorawa kan kwata wanda makaho ke lalube da sanda. Masu haya su ma su sani, dokar Legas ta ce mai gida ya bar ɗan haya naƙasasshe ya yi gyaran da zai ba shi damar shiga ɗakinsa, da sharaɗin zai cire in zai tashi.

Wanda zai yi gangarar kuma dan Allah ya tsaya kan magini. Da yawa da nake gani an yi su ne don tura janareta ko babur, sun miƙe kamar bango, an kuma shafe su da tayil mai santsi, mai keke in ya hau baya zai kifa. Ma'aunin da masana gini ke bi shi ne duk tsayin ƙafa 1 a ba shi shimfiɗar ƙafa 12, a bar simintin da kaushi saboda damina, a sa ƙarfen riƙewa a gefe. In wurin ya yi kaɗan a karya ta ta bi jikin bango, kuma kafin siminti ya bushe a kira mai keke a unguwar ya duba da idonsa.