An ƙi karɓar jininka ba ya nufin kana da ƙanjamau

A Kano yawancin masu ba da jini 'yan'uwan mara lafiya ne. Matar yayanka na naƙuda, an ce a kawo leda biyu, ka miƙa hannu. Can sai ma'aikacin ɗakin gwaji ya ja ka gefe ya ce, “Malam, jininka ba zai yi ba.” Mutum ya fito gwiwa a sanyaye, ya riga ya yanke wa kansa hukuncin cewa yana da ƙanjamau.

Wannan fahimta kuskure ce. Gwajin farko na tace jini ne, kuma da gangan aka yi shi mai tsananin kaifi domin kada jini mai cuta ko ɗaya ya kai ga majinyaci. Saboda kaifin nan yakan nuna alamar HIV a jinin mai lafiya, misali idan garkuwar jiki ta motsa bayan rigakafi ko wata rashin lafiya ta kwanan nan. Ban da haka, ana duba ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, wani lokacin ma ƙarancin jini ne kawai ya sa aka mayar da kai.

Ledar dai ba za a yi amfani da ita ba, wannan daidai ne. Amma kai sai an sake gwada ka da gwaji na daban, irin su Uni-Gold da Stat-Pak na tabbatar da HIV, kafin a ce komai. Abin da ke damuna shi ne masu guduwa gida su yi shiru da fargaba. Ka tambayi wane gwaji ne ya nuna, ka nemi a tura ka sashen ba da shawara a tabbatar.