Kuɗin binciken matsalar mota a garejojin Legas

Kuɗin bincike shi ne abin da bakanike ke karɓa don gano abin da ke damun mota, daban da kuɗin gyara da na kayan da za a sauya. An fi jin batunsa a kan matsala mai wuyar ganewa, irin wadda kan zo ta tafi: mota ta mutu cikin gosulo sannan ta tashi lafiya lau a gaban mai gyara, ko batir ya riƙa wayar gari ba caji alhali sabo ne.

Yawancin motocin da ke titunan Legas na hannu ne da aka shigo da su daga ƙasashen waje, waɗanda Yarabawa ke kira tokunbo, Hausawa kuma su ce Beljiyam. Tun daga 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin OBD-II, wato tsarin da mota ke adana lambobin matsalolinta, Turai ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Shi ya sa ake samun soket mai ƙofofi 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar da ke karanto lambobin da ƙwaƙwalwar mota ta adana. Wannan ne "sa kwamfuta", kuma galibi kuɗinsa tsayayye ne, ana faɗa tun kafin a taɓa motar, domin aikin 'yan mintuna ne.

Sai dai lambar alama kawai take nunawa. P0300 na nufin injin yana tsallake wuta, amma ba ta tantance ko fulogi ne, ko kwayil, ko famfon mai, ko wata waya da ta goge a jikin ƙarfe. P0420 kan sa a ɗora laifi a kan matatar hayaƙi, wadda makanikai ke kira indomi, alhali wani lokaci na'urar auna iskar salansa ce ta gaji. Daga nan ainihin binciken ke farawa: mai wayarin ya ɗauki mita yana bin waya ɗaya bayan ɗaya, ya kwance dashbod, ya zaga da motar har ta yi zafi don matsalar ta bayyana. A damina aikin ya fi yawa, saboda ruwan da ke kwanciya a unguwanni irin su Lekki yana shiga soket-soket ya bar tsatsa, matsalar kuma ba ta fitowa sai bayan makonni.

Manyan garejoji da dillalan kamfanonin mota sukan lissafa wannan aiki da awa, ko su yanka kuɗin matakin farko, idan bai wadatar ba su kira mai mota kafin su ci gaba. Wasu na cire kuɗin binciken daga jimillar gyara idan a wurinsu aka yi. A ƙananan garejojin bakin titi kuwa, irin na Agege da Idi-Araba inda direbobi Hausawa da yawa ke kai motocinsu, al'adar ita ce a haɗa komai a kira shi kuɗin aiki, a yi ciniki bayan an gama. Sau da yawa za ka ji mai mota na cewa, "Haba maigida, ai ba ka canza komai ba, kuɗin me zan biya?"

Wannan al'ada tana da illa ga ɓangarorin biyu. Bakaniken da ya san ba za a biya shi yinin da ya ɓata yana nema ba, sai ya koma cinke: a aika yaro kasuwar Ladipo da ke Mushin ya sayo kwayil, in bai yi ba a sayo famfo, in bai yi ba a ce ƙwaƙwalwar ce. Kayan lantarki kuma ba kasafai 'yan kasuwa ke karɓarsu ba bayan an ɗaura. Don haka masu mota da suka saba sukan nemi a faɗi kuɗin bincike tun farko, a rubuta musu lambobin da na'ura ta nuna, a kuma ajiye musu tsohon kayan da aka cire.