Waiwaye: Yadda fuska ta zama hukunci a harkar fim

Tun kafin a ƙirƙiro kyamara, Turawa suna da wani tsohon zato cewa halin mutum a rubuce yake a fuskarsa. Wani limamin coci ɗan ƙasar Siwizalan, Johann Kaspar Lavater, ya wallafa littattafai a kan haka tsakanin 1775 da 1778, yana auna goshi da hanci da haɓa. A 1876 likitan Italiya Cesare Lombroso ya ƙara gishiri, ya ce ana iya gane mai laifi tun daga haihuwa ta faɗin muƙamuƙi da tudun gira da girman kunne. Kimiyya ta daɗe da yin watsi da wannan magana. Sinima kuwa ta ɗauke ta ta adana, domin ta yi mata amfani.

Dalilin a fili yake. Finafinan farko ba su da murya, kuma ba su da tsawo. Darakta ba shi da lokacin da zai bayyana wa ɗan kallo cewa wannan mutumin maci amana ne. So yake da an haska fuskar a gane. A Rasha, darakta Sergei Eisenstein ya mayar da abin ƙa'ida a shekarun 1920: maimakon ƙwararren ɗan wasa, sai ya nemo mutumin da kamanninsa kaɗai ke nuna attajiri ko limami ko lebura. A Amurka aka kafa ofishin Central Casting a 1925, inda ake ajiye bayanan dubban 'yan cika fage bisa tsayi da shekaru da kamanni, a kira su idan an buƙaci "irin" wannan fuska.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kayan aikin ma sun sa hannu wajen zaɓen. Faifan ɗaukar hoto na wancan lokaci ba ya ganin launin ja, sai ya fito da shi baƙi ƙirin, shuɗi kuma ya koma fari. Mai shuɗayen idanu sai ya fito kamar ba ƙwaya a idonsa, mai jan fata ko ƙuraje kuma ya fito da dabbare-dabbare. Sai a ƙarshen shekarun 1920 faifan da ke ɗaukar dukkan launuka ya bazu, mai haɗa kayan kwalliya Max Factor kuma ya haɗa masa kwalliyar da ta dace da shi. Da aka koma hoto mai kala, katin gwajin da Kodak ke rarraba wa masu wanke hoto na wata Baturiya ne, da fatarta ake daidaita injin. Baƙar fata, idan ba a ƙara mata haske ba, sai ta nutse, ido da haƙori kaɗai ke fitowa. Nan aka samo ƙaryar nan da ke cewa wai wasu fuskoki "kyamara ba ta son su".

A zamanin manyan kamfanonin Hollywood, ɗan wasa kan sa hannu a kwantiragin shekara bakwai, kamfani ne ke yanke irin rawar da zai taka. Boris Karloff ya shafe sama da shekara goma yana ƙananan fitowa kafin a ba shi dodon Frankenstein a 1931. Mai kwalliya Jack Pierce kan ɗauki awanni yana gina masa goshi da auduga da danƙo, ya ɗora masa kakin zuma a fatar ido don ta yi nauyi, shi kuma Karloff ya cire haƙoran roba da ke gefen bakinsa domin kuncin ya lotsa. Fim ɗin ya karɓu, daga nan har ƙarshen rayuwarsa da finafinan ban tsoro aka san shi. Bela Lugosi, wanda ya fito a Dracula a shekarar, bai taɓa kuɓuta daga wannan inuwa ba. Idan kuma fuskar ba ta dace da matsayin da ake so ba, sai a gyara ta: Margarita Cansino tana ta fitowa a 'yar rawar ƙasashen waje har sai da aka ƙone mata gashin gaban goshi da lantarki don goshin ya ƙara faɗi, aka rina sauran ja, aka kira ta Rita Hayworth.

Wasu kuwa ba gyaran da zai fisshe su. Anna May Wong, Ba'amurkiya 'yar asalin Sin, ta nemi babbar rawa a The Good Earth na 1937, labarin manoman ƙasar Sin. Dokar tace finafinai ta lokacin ta hana nuna soyayya tsakanin masu launin fata daban-daban, kuma an riga an bai wa Bature matsayin mijin, saboda haka aka ɗauki Baturiya Luise Rainer aka yi mata kwalliyar idanu, har ta ci kyautar Oscar. Hattie McDaniel, Ba'amurkiya baƙar fata, ta karɓi tata Oscar a 1940, amma kusan duk aikinta a 'yar aikin gida ta ƙare.

Yau ma yadda ake ɗaukar 'yan wasa bai kauce sosai ba. Ana fitar da taƙaitaccen bayanin kowane matsayi daga cikin labari, layi biyu ko uku, wakilai su turo hotunan fuska, mai tantancewa ya bi ɗaruruwansu a allo kafin ya kira kaɗan su zo gwaji. A wannan matakin babu wanda ya ji muryar kowa. Binciken da Janine Willis da Alexander Todorov suka yi a jami'ar Princeton a 2006 ya nuna cewa kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ya ishi mutum ya yanke wa baƙuwar fuska hukuncin amana ko rashinta. Saurin yanke hukuncin suka auna, ba ingancinsa ba. Manyan idanu da zagayayyar fuska da ƙaramar haɓa kan ja wa mai su matsayin salihi. Zurmammun idanu da ƙasusuwan kunci a fili kan kai shi layin 'yan ta'adda. A talabijin abin ya fi tsanani, domin baƙon da zai fito na minti biyu a shiri mai dogon zango ba a da sararin gina shi.

Sauran aikin a wurin ɗauka ake ƙarasa shi. A sa gilashin kyamara mai faɗi, kamar milimita 24, a matso kusa da fuska, hanci zai kumbura, kunnuwa su ja baya. A ja da baya a sa milimita 85 ko 100, fuskar nan dai za ta daidaita ta yi kyau. Haske daga ƙasa yana juya inuwar fuska ta yi kwarjinin tsoro. Daga sama kai tsaye yana rufe idanu da duhu. Mai laushi daga gaba yana share tabo. Mutum ɗaya ne, fitila ce ta matsa. Darakta Sergio Leone ya san da wannan sarai lokacin da ya ɗauko Henry Fonda, wanda Amurkawa suka saba gani a mutumin kirki, ya mai da shi makashin yaro a fim ɗinsa na 1968. Fonda ya zo da ɗan gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido mai launin ƙasa don ya yi kama da mugu, Leone ya ce ya cire, waɗannan shuɗayen idanun da aka yarda da su ake nema.

Masu kallo a Kano da Zariya da Maraɗi ba baƙi ba ne a wannan karatu. Finafinan Indiya sun koya mana raba jarumi da bos tun kafin a buɗe baki: da Amrish Puri ya zaro ido an san inda aka dosa. Har sunaye aka laƙaba musu, Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ɗan daba mai lasin. Kannywood ta gaji tsarin. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya kai matsayin da ganin fuskarsa a bangon kaset kaɗai ya isa a fara dariya, abin da ya sayar da finafinai, ya kuma sa da wuya furodusa ya yi kasadar ba shi rawar da ba barkwanci. Fifita farar mace a matsayin jaruma, da shafe-shafen man bilicin da ke biyo baya, daga wannan rijiya suke sha.

Inda aka fi samun motsi a 'yan shekarun nan shi ne batun tabo. Wasu likitocin fata sun duba jerin manyan mugaye goma da manyan jarumai goma na finafinan Amurka, suka wallafa a 2017 cewa shida daga cikin mugayen suna da wata alama a fata da ke bayyane, tabo ko sanƙo ko ƙari, jaruman kuwa babu mai irin ta. Ƙungiyar Changing Faces ta Birtaniya ta ɗaga murya cewa yara masu ƙuna ko tabon tiyata su ke biyan kuɗin wannan al'ada a filin makaranta. A 2018 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta sanar cewa ba za ta ƙara zuba kuɗi a fim ɗin da ya yi amfani da tabon fuska a matsayin alamar mugunta ba. Hukuncin ya tsaya ne a kan finafinan da take ɗaukar nauyi. Fim ɗin James Bond da ya fito a 2021 ba ya cikinsu, kuma manyan mugayensa biyu, Rami Malek da Christoph Waltz, duka da tabon da aka manna musu suka fito.