Yaron da ƙara ke firgitawa: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

Akwai yaron da in an ja igiyar janareta sai ya cusa yatsu a kunne ya shige ƙarƙashin gado. Akwai yarinyar da ba ta yarda a bi da ita ta layin mai injin niƙa, ko da zagayen zai ninka tafiyar. Uwar irin wannan yaro tana fama da kukansa, tana kuma fama da surutun mutane. Ga tambayoyin da suka fi damun iyaye.

Ɗana shekararsa uku, in an kunna injin markaɗe sai ya toshe kunne yana ihu. Ƙuruciya ce ko ciwo?

Yawanci ƙuruciya ce. Da razana ake haihuwar jariri: ƙofa na bugawa zai zabura ya ware hannuwa, kuma wannan zaburar takan ɓace kafin ya cika wata shida. Daga shekara ɗaya zuwa wajen biyar, tsoron tsawa da haushin kare da injina abu ne da aka saba gani, yana kuma raguwa da kansa. Inda ya kamata ki tsaya ki duba shi ne in tsoron ya fara hana shi walwala: ya ƙi zuwa makaranta, ya ƙi shiga taro, ko ya fara kuka tun yana hango an nufi janareta ba a ma taɓa shi ba.

Likitocin kunne suna rarrabe abu biyu. Wani yaron ƙarar ce ke yi masa zafi a zahiri, har wadda kowa ke ɗauka ba komai ba, kamar cokali a kan farantin tangaran. Wani kuma fargabar zuwanta ce ta fi cin ransa. Sau da yawa na farkon ne ke jawo na biyun, don wanda abu ya taɓa yi wa zafi zama yake yana jiran dawowarsa.

Gida ɗaya suke da 'yan'uwansa, su ko a jikinsu. Me ya bambanta shi?

Galibi in an gwada jin irin waɗannan yara sai a samu daidai yake da na kowa. Bambancin yana wajen tacewa. Kunne yana kwaso duk abin da ke kewaye, ƙwaƙwalwa ce ke zaɓar wanda za a saurara ta danne saura, shi ya sa kike hira kin manta fanka na juyawa a kanki. Shi dannewar ba ta yi masa yadda ya kamata, sai fanka da rediyon maƙwabta da muryarki su zo masa a tare. Kamar mai ciwon ido ne aka fito da shi tsakar rana: rana ɗaya ce da ta kowa, amma shi hawaye yake yi.

Sannan a yi wa yaron adalci, wasu abubuwan da yake gudu suna da ƙarfi da gaske. Ana auna ƙara da desibel. Hira tana kusan 60, injin markaɗe na kicin 80 zuwa 90, babur kusan 95, kuma duk ƙarin 10 kunne yana jin sa kamar an ninka. Abin fashewa da samari ke wasa da shi lokacin bukukuwa yakan kai 140 ko fiye, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata ƙarar fashewa ta wuce 120 a kunnen yaro ba.

Abin kuma ba ya tsayawa a kunne. Yaron da ke gudun ƙara sau da yawa shi ne ke ƙin sabuwar shadda mai sitaci, yana kuka wajen yanke farce, wanke kai ko kitso, yana tofar da abinci saboda yadda yake ji a baki. Wata ƙwararriya 'yar Amurka, Jean Ayres, ta yi aiki a kan wannan tun shekarun 1960, kuma daga aikinta ne da yawa daga dabarun da ake koya wa iyaye a yau suka samo tushe.

Kakarsa ta ce shagwaɓa ce, bulala yake so. Wasu sun ce iskoki ne.

Mai shagwaɓa yana kuka yana satar kallonki, kina ba shi abin da yake so zai yi shiru. Wanda ƙara ta fi ƙarfinsa ba ya kallon kowa, ko alewa kika miƙa masa ba zai karɓa ba, zuciyarsa na bugawa, gumi na keto masa, kuma bayan an kashe injin sai ya ɗauki lokaci kafin ya dawo hayyacinsa. Duka a wannan hali yana koya masa cewa ƙara da bulala tare suke zuwa, gobe tsoron ya ninku. Ki gaya wa Hajiya cikin ladabi cewa zafi yake ji, ki roƙe ta ta taya ki lura da shi na mako ɗaya. Kakar da ta gani da idonta takan zama babbar mai kare shi.

Addu'a kuwa ba mai hana ta, ki tofa masa a hankali yana jikinki. Abin da nake roƙo a bari shi ne a danne yaro ana ɗaga murya a kunnensa ko ana turara masa hayaƙi, domin abin da yake gudu ne aka tara masa a wuri ɗaya.

Wannan yana nufin yana da otizim, lalurar nan da ke shafar magana da mu'amala da mutane?

Ba lalle ba. Gaskiya ne yara masu otizim da yawa suna da wannan, har a 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa shi cikin alamomin da ake dubawa. Amma shi kaɗai bai isa ba, akwai yara masu yawa da ke gudun ƙara ba su da wata lalura. Ki duba sauran: yana waigowa in an kira sunansa? Yana nuna miki abu da yatsa don ki gani tare da shi? Ya kai shekara biyu yana haɗa kalma biyu? In waɗannan sun yi jinkiri, ki kai shi a duba da wuri.

In ya rikice a tsakiyar mutane, me zan yi?

Fitar da shi daga wurin, ki rage magana. "Ina nan, mun fita" ya isa. Wasu yaran goyo ko runguma mai ƙarfi ke kwantar musu da hankali, wasu ba sa so a taɓa su sam, ke kika san naki. Faɗa da tambayoyi su jira sai ya huce.

To in toshe masa kunne kullum, ko in bar shi ya saba?

Duka biyun suna da illa, kuma a nan ne iyaye suka fi ruɗewa. In aka jefa shi cikin hayaniya wai ya saba, tsoron ƙaruwa yake yi. In kuma aka rufe masa kunne daga safe zuwa dare, ƙwaƙwalwa takan ƙara wa kanta ƙarfin ji don ta cike giɓin, sai ƙarar da yake jurewa a da ta koma tana damunsa. Abin rufe kunne, irin na ma'aikatan filin jirgi amma na yara, a ajiye shi don ranar biki da ranar hawa. A gida a bar shi da sautin gida.

Abin da ya fi aiki shi ne yaro ya san ƙarar za ta zo, kuma ya ji yana da iko a kanta. Ɗauki misalin janareta. Ranar farko ya gan shi a kashe, ya taɓa in ya so. Sai ki ɗauki ƙararsa a waya, ki ba shi wayar ya riƙa ƙarawa da ragewa da kansa yana wasa. Bayan kwanaki, yana ɗaki a cinyarki, ki ce masa, "Yaya zai ta da janareta, kai za ka ba shi umarni." Ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, shi ya ce, "Yaya, ja!" Wata rana daga bakin ƙofa, wata rana daga tsakar gida. In ya ce a tsaya, a tsaya da gaske, domin ranar da aka yaudare shi aikin zai koma baya. Abin yakan ɗauki makonni ko watanni, kuma ranar da yake jin yunwa, barci ko zazzaɓi ba ranar gwaji ba ce. Haka wajen aski: a fara da almakashi, a bar shi ya riƙe injin askin a kashe, sannan ya ji motsinsa a bayan hannunsa kafin ya kai kansa.

Sallah, biki da damina fa?

Ki gaya masa tun da safe abin da zai gani da abin da zai ji. A wajen hawa ku tsaya nesa da 'yan bindiga, a wajen biki nesa da lasifika, ki kuma san inda za ku fake. Zaman minti ashirin a tashi lafiya ya fi a kai ƙarshen taro da kuka. Da damina ki koya masa cewa walƙiya ce ke riga tsawa, ku riƙa ƙirgawa tare tsakaninsu, sai tsawar ta zama abin da yake jira. A makaranta ki roƙi malam ya zaunar da shi gefe, nesa da ƙararrawa, ya kuma ba shi izinin fita ya huta in karatun baki ɗaya ya yi masa yawa.

Yaushe ya zama dole a je asibiti?

In abin ya zo farat ɗaya, in yana jan kunne ko ruwa na fita, in ya fara bayan buguwa a kai ko zazzaɓi mai tsanani irin na sanƙarau ko ƙyanda, in magana ta yi jinkiri ko ya daina faɗin kalmomin da ya iya. Yaron da ruwa ya taru a bayan dodon kunnensa yakan ji komai ya yi ƙarfi bayan ruwan ya janye, kuma mai raunin ji ma babbar ƙara tana iya yi masa zafi, don haka gwajin ji shi ne matakin farko. Kada a ɗiga masa mai ko wani magani a kunne kafin likita ya leƙa. Manyan asibitocin koyarwa suna da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai kuma Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Kafin ku je, ki rubuta irin ƙarar da ke tayar masa da hankali, lokacin da abin ke faruwa da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya huce, in da hali ki ɗauki ɗan bidiyo a waya ki nuna wa likita.