Dokar Kamaru ta hana bulala, ta hana ƙin karɓar mai naƙasa: wa zai tsaya wa malami a aji?

Akwai dokoki biyu a Kamaru da suka shafi yaron da halinsa ya gagari malamai, musamman idan yana da naƙasa. Ta farko ita ce doka mai lamba 98/004 ta ranar 14 ga Afrilu 1998, wadda ta shimfiɗa tsarin ilimi a ƙasar. Sashe na 35 nata ya ce wajibi ne a kare lafiyar jikin ɗalibi da mutuncinsa, saboda haka ya haramta duka da kowane irin cin zarafi da nuna bambanci a makaranta. Ta biyu ita ce doka mai lamba 2010/002 ta ranar 13 ga Afrilu 2010, wadda ke kare masu naƙasa, kuma a ranar 26 ga Yuli 2018 firaminista ya sa hannu a kan takardar da ta fayyace yadda za a aiwatar da ita.

Dokar 2010 ba ta tsaya ga makafi da kurame da guragu ba. Ta haɗa da masu lalurar ƙwaƙwalwa, ciki har da galahanga da farfaɗiya, da kuma waɗanda naƙasa fiye da ɗaya ta haɗu musu. Ta tanadi a sauke wa ɗalibi mai naƙasa marar hali kuɗin makaranta, duka ko wani ɓangare, ta kuma yarda a sassauta masa ƙa'idar shekaru, domin yaron da ya makara wajen shiga aji kada a ce ya girme shi. Shugaban makarantar da ya nuna bambanci wajen ɗaukar mai naƙasa yana iya fuskantar ɗaurin wata 3 zuwa 6 da tarar sefa 100,000 zuwa 300,000. Mabuɗin yawancin waɗannan haƙƙoƙi shi ne katin shaidar naƙasa na ƙasa, wanda ake nema ta ofishin ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a, kuma ya kamata iyaye su fara neman sa tun kafin a buɗe makaranta.

Idan aka haɗa dokokin biyu, ma'anarsu a fili take: malami ba shi da ikon dukan yaron, darakta, wato shugaban makaranta, kuma ba shi da ikon ƙin karɓarsa saboda naƙasarsa. To, malamar da ke Garwa ko Marwa ko Kusiri, wadda ajinta ya cika maƙil, ga yaro yana ihu yana cizon na kusa da shi, me za ta yi? A nan ne wani tanadi na dokar 2010 da ba a cika ambatonsa ba yake da nauyi: ta ɗora wa gwamnati da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin jama'a alhakin kafa makarantun da ke haɗa masu naƙasa da sauran yara, da horar da ma'aikatan da ke kula da su, tun farkon aiki da kuma bayan sun kama aiki. A ganina wannan tanadi ne ginshiƙin sauran, domin an karɓe wa malami bulala, kuma daidai ne a karɓe ta, amma idan ba a koya masa abin da zai yi a madadinta ba, a ɓoye zai koma gare ta, ko kuwa ya ajiye yaron a ƙarshen aji ya manta da shi.

Horon da ke amfani ba ya ƙarewa a taron bita na yini guda. Mai horarwa, ko sufeton makarantu na gunduma ne ko darakta ko wani malami mai gogewa, shiga ajin yake yi ya zauna a baya da littafinsa, yana rubuta abu uku: me ya faru kafin yaron ya tayar da hankali, me ya yi daidai, me ya biyo baya. Bayan 'yan kwanaki sai dalili ya fara bayyana. A ce duk lokacin da aka fara shifta da Faransanci sai yaron ya kifar da benci, malama ta kore shi waje, shi kuwa ya zauna a inuwar dalbejiya hankalinsa kwance. Korar da ake ɗauka hukunci ce, ita ce ladan da yake nema, domin ta raba shi da aikin da ya fi ƙarfinsa, wataƙila don ba ya ji sosai, wataƙila don Fulatanci ko Hausa kaɗai yake fahimta. Maganin shi ne a matso da shi gaba inda zai ga bakin malama, a rage masa jimlolin, a ba shi ɗan kati da zai ɗaga idan yana son hutu, sannan a yaba masa nan take duk sa'ad da ya ɗaga katin maimakon ya kifar da benci. Mai horarwa zai fara gwada wannan da kansa a gaban malama, ita ma ta gwada yana kallo, su keɓe bayan an tashi su tattauna, ya dawo mako mai zuwa.

Yadda ake wannan tattaunawa yana da muhimmanci ƙwarai. Idan mai horarwa ya shigo da fuskar mai binciken laifi, malama za ta ɓoye matsalarta. Ya fi dacewa ya ce, "Malama, sannu da ƙoƙari, na ga da kika kira sunansa kafin ki ba da umarni ya natsu, mu ƙara a kan wannan," sa'an nan ya kawo gyara guda ɗaya tak.

Doka ta ce makaranta, ba ta ce aji kaɗai ba, don haka horon ya shafi mai gadi da masu sayar da abinci a bakin ƙofa da shugabannin ƙungiyar iyaye da malamai. Duk su san cewa yaron da farfaɗiya ta kayar ba a danne shi, ba a sa masa cokali a baki, ana kawar da abin da zai ji masa rauni ne a kwantar da shi ta gefe, kuma farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu ko taɓawa. Akwai ma nau'inta da yaro zai yi zuru na 'yan daƙiƙoƙi bai san inda yake ba, a ɗauka raini ne. Irin wannan asibiti yake buƙata.

Iyaye kuma suna da ta cewa, domin uwa ta fi kowa sanin abin da ke harzuƙa ɗanta da abin da ke kwantar masa da hankali, kuma tsarin da aka yi ba tare da ita ba da wuya ya ɗore. Idan aka doki yaro ko aka ƙi karɓarsa, a fara da darakta, a rubuta ƙorafin a takarda a riƙe kwafi. In ba a samu biyan buƙata ba, a kai wa sufeton makarantun firamare na gunduma da ofishin jin daɗin jama'a mafi kusa, a kuma roƙa a rubuce cewa a turo wanda zai zauna da malamin yaron a cikin aji.