Jibin Ƙarshe na Leonardo da Vinci

Jibin Ƙarshe zane ne a jikin bango wanda Leonardo da Vinci (1452–1519) ya yi a birnin Milan na Italiya, tsakanin wajajen 1495 da 1498. Yana ɗakin cin abinci na gidan 'yan zuhudun ɗarikar Dominika da ke Santa Maria delle Grazie, kuma mai mulkin Milan na lokacin, Ludovico Sforza, shi ya sa aka yi aikin. Faɗinsa ya kai mita 8.8, tsayinsa mita 4.6. Abin da ya nuna shi ne lokacin da Yesu ya gaya wa almajiransa goma sha biyu cewa ɗayansu zai bashe shi, kamar yadda ya zo a Linjilar Yahaya 13:21. Yana cikin zanen da aka fi kwafa a duniya, kuma jita-jitar da ta taru a kansa tana da yawa. Akasarinta daga abu biyu ta samo tushe: lalacewar bangon, da rashin sanin al'adar masu zane na wancan zamani.

Tarihin bangon

Masu zanen bango a Italiya sun saba shafa launi tun yaɓe na da danshi, su bushe tare. Wannan hanya tana son hanzari, Leonardo kuwa mutum ne mai nawa da yawan gyara. Marubuci Matteo Bandello, wanda ya gan shi yana aikin, ya ce wata rana yakan wuni bai sauka daga kan katako ba, wani lokaci kuma ya yi kwanaki yana kallo kawai bai taɓa komai ba. Don haka ya zana a kan busasshen bango, da launin da aka kwaɓa da ƙwai da mai. Tun yana raye launin ya fara ɓarewa.

Daga nan masifa ta riƙa bin masifa. A 1652 aka fasa ƙofa a ƙasan zanen, ƙafafun Yesu suka tafi da ita. A 1796 sojojin Napoleon suka mai da ɗakin wurin ajiya da ɗaure dawaki. A watan Agusta na 1943 bam ya rushe rufin ɗakin, amma bangon ya tsira saboda buhunan yashi da aka jibge masa. A tsakani kuma masu gyara na ƙarni na 18 da na 19 sun yi ta shafa nasu launi a kan na asali. Babban gyara na ƙarshe, ƙarƙashin Pinin Brambilla Barcilon, ya ɗauki shekara 21, daga 1978 zuwa 1999. Masana sun rabu a kan sakamakonsa. Duk mai neman ɓoyayyen saƙo a wani layi ko wata inuwa, ya kamata ya fara tambayar ko hannun Leonardo ne ya ja layin. Shi ya sa masu bincike ke komawa ga tsofaffin kwafi, musamman na Giampietrino na wajajen 1520, wanda yanzu mallakar makarantar zane ta Royal Academy ce a Landan.

Batun Maryamu Magadaliya

Da'awar da ta fi yaɗuwa ita ce wai wanda ke zaune a hannun daman Yesu mace ce, Maryamu Magadaliya, ɗaya daga cikin mabiyansa, ba almajirinsa Yahaya ba. Ta fito a wani littafi na Lynn Picknett da Clive Prince a 1997, sannan ƙagaggen labarin Dan Brown na 2003 ya kai ta ko'ina. Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce dogon gashi, fuska mai laushi, da rashin gemu.

Masana tarihin zane ba su yarda da ita ba. Tun kafin Leonardo, masu zanen Florence kan nuna Yahaya a matsayin saurayi marar gemu a kusa da Yesu, domin an ɗauke shi mafi ƙuruciya cikin almajirai. Haka yake a Jibin Ƙarshe na Andrea del Castagno na wajajen 1447, haka yake a na Domenico Ghirlandaio na 1480. Leonardo shi kansa yakan ba samari irin wannan fuska, kamar yadda ake gani a zanensa na Yahaya Mai Baftisma da ke gidan tarihi na Louvre a Paris. Lissafi ma ya isa: mutum goma sha uku ne a teburin. In an sa Maryamu, almajirai sun koma goma sha ɗaya, kuma 'yan zuhudun da ke cin abinci kullum a gaban bangon ba za su kasa lura da rashin Yahaya ba. Akwai kuma wani kwafi na ƙarni na 16 a cocin Ponte Capriasca a Suwizalan wanda aka rubuta sunan kowa a ƙarƙashinsa, kuma Yahaya aka rubuta a wannan gurbi.

Hannu mai wuƙa

Wasu sun ce akwai hannu riƙe da wuƙa a bayan Yahuza, almajirin da ya bashe Yesu, kuma wai hannun ba na kowa ba ne. Hannun almajiri Bitrus ne, a lanƙwashe ta baya. Zanen gwaji na wannan hannu, wanda Leonardo ya yi a takarda, yana nan a fadar Windsor a Ingila. Wuƙar tana nuni ne ga Yahaya 18:10, inda Bitrus ya sare kunnen Malkus, bawan babban firist, a wannan daren.

Ƙungiyar asiri

An ce Leonardo ya shugabanci wata tsohuwar ƙungiyar asiri mai suna Prieuré de Sion. Wani Bafaranshe, Pierre Plantard, shi ya kafa ta a garin Annemasse a 1956, kuma takardun da suka jero sunan Leonardo na jabu ne, an cusa su a ɗakin karatu na ƙasa a Paris a shekarun 1960. A 1993, da alƙali ya tuhume shi, Plantard ya amsa cewa ƙirƙira ce.

Sauran labarai

Akwai labarin da ake yawan ji a wa'azi, wai mutum ɗaya ne ya zauna aka zana fuskar Yesu, bayan shekaru masu yawa zunubi ya lalata shi aka dawo da shi aka zana Yahuza. Babu wata shaida daga zamanin Leonardo da ta goyi bayansa, kuma aikin duka kimanin shekara uku ya ɗauka. Abin da Giorgio Vasari, marubucin tarihin masu zane, ya ruwaito dabam ne: da shugaban 'yan zuhudun ya dame shi da ƙorafin jinkiri, Leonardo ya ce in bai sami fuskar da ta dace da Yahuza ba, fuskar shugaban zai ɗauka. Wannan ma ruwaya ce da aka rubuta bayan rasuwarsa da shekaru.

A 2007 wani mawaƙin Italiya, Giovanni Maria Pala, ya ce gurasa da hannaye sun jeru kamar alamomin kiɗa. Ba a sami wani abu a rubuce-rubucen Leonardo da ya tabbatar da hakan ba.

A yau

Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya a 1980. Maziyarta kan shiga rukuni-rukuni, kowane rukuni minti 15.